MALAM ABDULLAHIN GWANDU: JARUMI, MASANIN SHARI'A, WAZIRI

 

Sa'ad da Edita ya sanar da ni cewa ni ne zan cike shafin tarihin mazan jiya a wannan fitowa, ban yi dogon tunani ba na zaɓi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Dalili kuwa shi ne na daɗe ina jin muna da bashinsa a kanmu. 'Yan ajinmu za su tuna yadda muka yi karatun jihadi. Mun haddace 1804, mun haddace cewa an raba daula biyu, Bello ya ɗauki gabas, Abdullahi ya ɗauki yamma, muka zuba a takardar jarrabawa muka wuce. Ba laifin malaminmu na tarihi ba ne, shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa, mu ne hankalinmu ke wajen ƙararrawar tuwo. Sai da na je jami'a a Sakkwato, ina zaune kullum a babban ɗakin karatu mai ɗauke da sunansa, sa'an nan na tambayi kaina ko wane ne wannan bawan Allah. Da na shiga aikin gwamnati kuma na fara ganin abin da kujera ke yi wa mutum, sai na sake komawa kan tarihinsa, na tarar da shi sabo.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Malam Abdullahi a wajen shekarar 1766, watau 1180 ta Hijira. Zuriyarsu Toronkawa ce, kakanninsu sun taso daga Futa Toro a ƙasar Senegal ta yau, suka zauna a yankin Ƙonni, daga baya suka sauka Degel cikin ƙasar Gobir. Sunan mahaifinsa Muhammadu, ana yi masa laƙabi da Fodiyo, watau malami. Wansa Shehu Usmanu, wanda aka haifa a 1754, ya girme shi da kamar shekara 12.

A hannun mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi ga Shehu, wanda ya zame masa wa, ya zame masa uba, ya kuma zame masa malami har ƙarshen rayuwa. A wurinsa ya karanci Ishiriniya da waƙoƙin Larabawan farko, da tauhidi, da nahawu, da littattafan fiƙihu irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, da tafsiri, da hadisi, har da lissafi. Bai tsaya ga malami ɗaya ba. Ya yi karatu wurin kawunnansa da sauran malaman ƙasar, ya saurari Sahihul Buhari wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, ya kuma zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umar, shahararren malamin nan da ya yi tasiri ƙwarai a kan Shehu. Mun san wannan dalla-dalla ne domin shi da kansa ya rubuta ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuhi a 1812, inda ya jera malamansa da abin da ya karanta wurin kowannensu. A nan ma akwai darasi gare mu. Mutumin da ake kira Balaraben Sudan saboda ƙwarewarsa a Larabci, yana kan ganiyar mulki, ya zauna ya rubuta sunayen waɗanda suka koya masa. Mu nawa ne a cikinmu muka taɓa neman gidan wanda ya koya mana haɗa baƙi?

Shekarun wa'azi

Shehu ya fara wa'azi a wajen 1774, ya zagaya Kabi da Gobir, ya kuma yi kamar shekara 5 a Zamfara. Da Abdullahi ya tasa, duk inda Shehu ya sa ƙafa yana biye da shi. A cikin wannan yawo ne aka fara gane kaifin alƙalaminsa. Wani malami daga Barno, Mustafa Goni, ya aiko da waƙa yana sukar Shehu a kan barin mata su halarci majalisin wa'azi. Shehu ya umurci ƙanensa, wanda a lokacin bai wuce shekara 20 da kaɗan ba, ya ba da amsa. Abdullahi ya mayar da martani cikin waƙa. Hujjarsa ita ce, ba su yarda da cakuɗuwar maza da mata ba, amma barin mata cikin jahilci ɓarna ce da ta fi girma, saboda haka dole a nema musu hanyar da za su ji karatu. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin fitowar Nana Asma'u daga wannan gida ba. Kuma duk wanda ya san yadda har gobe ake fama da iyaye a ƙauyukanmu na bakin ruwa kafin su bar 'ya mace ta gama sakandare, ya san maganar ba ta tsufa ba.

Yana tare da Shehu a Magami a wajen 1788, ranar da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Babbar Salla ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya nemi abu 5 a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Amma bayan rasuwarsa al'amura suka canja. Sarki Nafata ya kafa dokar hana wa'azi ga kowa in ban da Shehu, ya hana rawani da lulluɓi. A zamanin Yunfa kuwa, bayan harin da aka kai wa mutanen Malam Abdussalami a Gimbana, zama ya gagara. A watan Fabrairu na 1804 Jama'a suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma hannun farko da ya shiga hannun Shehu na Abdullahi ne, sa'an nan na Muhammadu Bello.

A fagen fama

Malamin da ya saba da allo da tawada sai ga shi da kwari da baka. A watan Yuni na 1804 Yunfa ya taso da rundunar Gobir, da dawakin lifidi, da taimakon Azbinawa, aka haɗu a Tabkin Kwatto. Abdullahi ne ya ja rundunar Jama'a, waɗanda yawancinsu 'yan ƙasa ne masu baka, dawakinsu ba su wuce 20 ba. Suka tsaya wuri ɗaya suna zuba kibau har dawakin Gobir suka karye, Yunfa ya tsere ya bar kayansa. Wannan nasara ce ta sa duniya ta san da Jama'a.

Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba. A ƙarshen 1804 aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutum wajen 2,000, a cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Yunwa ta kore su zuwa Sabon Gari a Zamfara. Daga can Abdullahi ya ja runduna ya ci Birnin Kabi a watan Afrilu na 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Wannan ne ya buɗe wa Jama'a hanyar komawa Gwandu a cikin shekarar.

A ƙarshen 1805 kuma aka yi yaƙin Alwasa, wanda ya kusa kawo ƙarshen komai. Abin da ya fi ƙona wa Abdullahi rai a wannan fita ya faru ne tun kafin a haɗu da abokan gaba. Mayaƙan Jama'a suka auka wa wani gari da ke cikin amana da su, suka washe shi. Shi da Bello suka yi ta hani, ba a saurare su ba. Da aka haɗu da rundunar Gobirawa da Azbinawa da Kabawa sai aka karya Jama'a, aka kashe musu mutum wajen 1,000, aka bi su har Gwandu, wadda a lokacin ko ganuwa ba ta da ita. Da ƙyar suka kare garin. A wajen Abdullahi wannan karaya sakamako ce ta cin amanar da aka yi, kuma daga ranar bai ƙara kallon rundunarsa da idon da yake kallonta a da ba.

Ranar da ya juya baya

Wannan shi ne wurin da nake so 'yan uwa ma'aikata su karanta a hankali. A 1807 runduna ta tashi za ta Alƙalawa, babban birnin Gobir. Abdullahi yana cikinta, shi ne babban wazirin Shehu, ba wanda ya fi shi girma in ban da Shehu. Ya duba dama ya duba hagu, ya ga abokan da suka faro tafiyar tare yawancinsu sun kwanta dama a Tsuntsuwa da Alwasa. Waɗanda suka cike gurbinsu kuwa, da yawansu abin da ya kawo su daban ne: neman sarauta, da tara ƙwaraƙwarai, da tufafin ƙawa, da cin ganima ba bisa ƙa'ida ba, da karɓar rashawa, har da kama 'ya'ya a sayar a kasuwa. Bai ware kansa ba, ya ga shi ma abin yana neman shafarsa. Sai ya saki runduna cikin dare tare da 'yan mutane kaɗan, ya fuskanci gabas da niyyar ya tafi Makka da Madina kada ya dawo.

Tafiya ta kai shi Kano, a farkon zamanin Sarki Sulaimanu, ba a daɗe da korar Sarki Alwali ba. Ya tarar da irin abin da ya gudo ya bari. Ya gaya wa shugabannin Jama'ar Kano haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Maimakon su yi fushi sai suka riƙe shi, suka roƙe shi ya rubuta musu littafin da za su riƙa dubawa wajen gudanar da mulki da shari'a. Ya zauna ya rubuta Liya'ul Hukkami, watau hasken mahukunta. Ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani tun daga farko har ƙarshe, ya gyara musu alƙiblar masallaci, har suka farfasa kayan kiɗan fada, suka mai da kwaryar tambura kwamin cin dawaki. Daga nan ya fasa tafiya gabas, ya komo gida wurin wansa.

Na sha zama da abokan aiki muna gardama a kan wannan. Wasu suna ganin barin runduna a bakin yaƙi kuskure ne, kowace irin hujja mutum ke da ita. Wasu suna ganin da ya wuce Makka abinsa da ya fi masa tsarki. Ni dai abin da na fahimta shi ne, ya yi abu biyun da mu muke kasa yin ko ɗaya. Da ya ga ɓarna ya nuna a fili cewa kujera ba ta fi masa mutuncinsa ba. Da ya ga kuma akwai masu son gyara, ya dawo ya zauna cikin tsarin, amma da rubutacciyar doka a hannu.

Da ya komo bai ajiye makami ba. Alƙalawa ta faɗi a 1808 a hannun rundunar da Bello ya ja, aka kashe Yunfa. Shi kuwa Abdullahi ya fuskanci yamma, ya ja runduna zuwa Dandi, ya ƙetare Kwara ya shiga ƙasar Gurma.

Mai tsara doka

A zamaninsa babu majalisar dokoki irin ta Birnin Kebbi ko ta Abuja, amma aikin da 'yan majalisa da lauyoyi ke yi a yau shi ya yi da alƙalaminsa. Liya'ul Hukkami ya yi bayani a kan hijira, da yadda ake naɗa shugaba da abin da ya wajaba a kansa, da naɗin mataimakansa, da dokokin yaƙi, da yadda ake tafiyar da hukunci. Ya zayyana aikin waziri, da na alƙali, da na mai duba kasuwa da mudu da sikeli, da na mai karɓar zakka, da na mai sauraren ƙarar waɗanda masu mulki suka zalunta. Ya dogara da magabata irin su Shehu Magili, wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha tun ƙarni na 15, da manyan malaman mazhabar Malikiyya. Jigon maganarsa shi ne shugabanci amana ne, a ba wanda ya cancanta ta hanyar shawara, kada a mai da shi gado, kada a saye shi, kuma mai riƙe da muƙami ba shi da ikon karɓar kyauta daga waɗanda ke ƙarƙashinsa, domin ba don kujerar ba da ba a kawo masa ba. Baitulmali kuwa dukiyar jama'a ce, shugaba mai tsaro ne kawai.

Ya bi bayan wannan da Liya'us Sulɗani da Liya'us Siyasati da wasu. Ya rubuta littafi a kan hukuncin saye da sayarwa domin talakawa. Akwai kuma Ta'alimur Radi, wanda ya yi a kan ƙasa: yadda mutum ke mallakar dajin da ya sare ya raya, da haƙƙin gari a kan filin da ke kewaye da shi, da haƙƙin rijiya da mashaya, da hurumin kiwo. 'Yan uwanmu da ke aiki a ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, waɗanda kowace kaka sai sun zauna sulhu tsakanin manomi da makiyayi a kan burtali ko fadamar bakin tafki, za su ga cewa matsalar da ke hana su barci an zauna an yi mata tunani shekara 200 da suka wuce.

Abin sha'awa, a kan doka bai ɗaga wa kowa ƙafa ba, har Shehu. Sun yi saɓani a rubuce a kan kiran shugaba da sunan sarki, da sa tufafin alfarma, da kaɗa tambari. Shehu yana ganin a sassauta wa mutane inda malamai suka yi saɓani, Abdullahi yana ganin in aka buɗe ƙofar, sarautar da aka yaƙa ce za ta dawo da sabon suna. Kowa ya rubuta littafi ya kawo hujjarsa, ba wanda ya fita daga girmama ɗan uwansa.

Ban da shari'a, ya yi tafsirin Alƙur'ani mai suna Liya'ut Tawili, wanda ya kammala a wajen 1816, aka buga shi a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i 4, kuma har yanzu ana karanta shi a zaurukan malamai. Ya taƙaita shi a wani littafin domin masu ƙaramin ƙarfi a karatu. Ya yi Bahrul Muhiɗi a nahawu da Hisnur Rasini a sarfu, duka a waƙe. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa tare da labarin abin da ya jawo kowace a cikin Tazyinul Waraƙati, wanda yana cikin manyan madogaran masu tarihin jihadi.

Gwandu da ƙasarmu ta Yauri

A 1812 Shehu yana Sifawa ya raba nauyin gudanar da daula. Gabas ta koma hannun Bello, yamma ta koma hannun Abdullahi, wanda a lokacin yake zaune a Boɗinga. Ɓangaren yamma shi ne ya zama daular Gwandu, wadda ikonta ya kai Nufe da Ilori a kudu, ya kai Dandi da Sayi da Liptako a ƙasashen Nijar da Burkina Faso na yau.

A nan ne tarihinsa ya taɓo mu kai tsaye. A shekarun yunwar da suka biyo bayan komawa Gwandu, idon Jama'a ya juyo kudu wajen ƙasar Yauri mai hatsi da kifi, runduna ta iso nan a 1806. Wannan ita ce shekarar da Bature Mungo Park ya wuce ta Yauri cikin jirginsa ya je ya halaka a Busa, tsohon garin da ruwan Kainji ya shanye a 1968. Sarkin Yauri na lokacin, Muhammadu Albishir ɗan A'i, ya zaɓi sulhu. Aka ƙulla amana, Yauri ta shiga ƙarƙashin inuwar Gwandu, amma ba a kawo mai tuta daga waje an ɗora mata ba kamar yadda aka yi a Kano da Katsina da Zazzau. Gidan sarautarta ya ci gaba da mulki, Gungawa da Kambari da Shangawa da sauran ƙabilun ƙasar suka ci gaba da zama a tsibiransu da tungayensu. Wanda ke son zurfafawa a wannan babi sai ya nemi binciken Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya yi digirinsa na biyu a Zariya a kan Yauri a ƙarni na 19, daga baya ya shugabanci Jami'ar Sakkwato a shekarun 1980.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Ba kowa ne ya ji daɗin wannan zamani ba. Yaƙi ya ci garuruwa, ya raba iyali, an kama bayi. Kabawa ba su taɓa sallamawa ba. Bayan Hodi, Karari ya ci gaba da faɗa daga Argungu har aka kashe shi a 1831, Yakubu Nabame kuma ya sake tayar da tutar Kabi a 1849. 'Yan uwanmu na Argungu da muka kwana ɗaki ɗaya da su a makaranta suna da nasu labarin, kuma ya kamata a saurare shi. Sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi bikin kamun kifin da ya zama alamar binne gaba.

Ƙofar da aka rufe

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Abdullahi yana Boɗinga labari ya iske shi. Shi ne ƙanen Shehu, shi ne waziri, shi ne ya fara mubaya'a, shi ne jagoran Tabkin Kwatto, ba kuma wanda ke jayayya da iliminsa. Ya hau doki ya nufo Sakkwato. Kafin ya iso an riga an yi wa Bello mubaya'a, ya tarar an rufe masa ƙofar gari. Ku auna wannan a zuciyarku. Yana da mabiya, yana da rabin daula a hannu, da ya ga dama da an zub da jini. Sai ya juya akalar dokinsa ya koma, daga baya ya tare a Gwandu. Ya ji zafin abin, ya kuma rubuta ra'ayinsa a kan yadda ya kamata a zaɓi shugaba, amma bai ɗaga takobi ba.

Shekaru suka shuɗe ba ya shiga harkar Sakkwato. Sai tawaye ya tashi a Kalambaina kusa da Gwandu, inda ragowar mutanen Abdussalami suka taru, ya gagari Abdullahi shi kaɗai. Bello ya taso da runduna ya kawo wa baffansa gudummawa, aka ci garin a wajen 1820. Bayan an gama yaƙi suka fuskanci juna a kan dawaki. Bello ya yunƙura zai sauka domin girmama baffansa, Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya fara gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Ya kuma tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Giɗaɗo ɗan Laima, alamar ya sallama masa wazirci. Da wannan aka ɗinke ɓarakar da ta kusa raba daular tun tana jaririya.

Ƙarshen rayuwarsa

Daga nan ya janye jiki daga harkar mulki ta yau da kullum. Ya bar yaƙi da gudanarwa a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, shi ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya rasu a Gwandu a farkon shekarar 1245 ta Hijira, watau 1829, kuma a can kabarinsa yake. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, sa'an nan Halilu daga 1833 zuwa 1858. Mai karatu zai lura cewa mutumin da ya yi ta gargaɗi a kan mai da mulki gado, a gidansa sarautar ta tabbata. Abin da ya hango tun a hanyar Alƙalawa bai kauce ba. Amma gadon ilimin ma ya zauna, domin a Gwandu ne Bature Heinrich Barth ya sami kofen Tarihus Sudan, babban littafin tarihin Songhai, sa'ad da ya sauka a garin a 1853. Bayan zuwan Turawa aka mai da hedikwatar masarautar Birnin Kebbi, wadda ta zama babban birnin jiharmu a 1991, kuma fadar Sarkin Gwandu da ke can sunansa take ɗauke da shi.

Kammalawa

'Yan uwa, yau a cikinmu akwai soja, akwai lauya, akwai alƙali, akwai kansila, akwai mai riƙe da makullin baitulmalin ƙaramar hukuma, akwai irina mai tura fayil daga tebur zuwa tebur. Abin da aka rarraba mana, shi Allah Ya haɗa masa shi kaɗai, kuma kowane ɗaya ya jarrabe shi. Ba na cewa mu zama Abdullahin Gwandu, wannan ya fi ƙarfinmu. Amma ranar da ɗan kwangila ya ajiye ambulan a kan tebur ya ce na goro ne, za mu iya tuna wanda ya rubuta cewa ba don kujerar ba da ba a kawo ba. Ranar da aka tsallake mu aka ba na bayanmu muƙamin da muke ganin namu ne, za mu iya tuna ƙofar Sakkwato da abin da ya faru a Kalambaina.

Ina ba shugabannin ƙungiya shawara, a cikin kuɗin da muke tarawa na gyaran makaranta a ware wani abu a sayi littattafan tarihin jihadi da na Kabi da na Yauri a zuba a laburare, domin ƙannenmu su san mutanen da kansu, kada su tsaya ga haddar shekaru kamar yadda muka yi. Malamanmu na tarihi da ke raye kuma, inda na yi kuskure a ja mini kunne kamar yadda aka saba.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya gafarta wa magabatanmu baki ɗaya, Ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu. Amin.